Ruwan Da Bai Kwana Ba

Ruwan famfo ne ya kashe kifin Malam Abdulwahabu, kuma ɗansa Ƙasimu ne ya zuba shi da hannunsa. Babu maƙiyi a cikin maganar, babu wanda ya haura katanga. Ɗa ne ya tashi yi wa ubansa abin kirki.

Gidan yana Tudun Wada, cikin wani lungu da keke ba ya shiga sai da dabara. Tsakar gidan ba wani faɗi gare ta ba, amma can kusurwa, ƙarƙashin itacen gwaiba, akwai kwami na siminti wanda zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum. Malam Abdulwahabu ya gina shi tun yana da ƙarfi, lokacin yana sayar da hatsi a kasuwa. Ba don sana'a ya gina ba. Don matarsa Dijatu ya gina. 'Yar bakin gulbi ce, daga Kwalkwalawa aka ɗauko ta, kuma ta daɗe tana ƙorafin cewa tun da aka kawo ta cikin gari ba ta ƙara jin motsin ruwa ba sai na buta. Maƙwabta suka yi dariya, suka ce mai hatsi ya zama masunci. Bai kula su ba.

Dijatu ta zuba karfasa da 'yan tarwada. Kwaɗi suka zo da kansu, ba wanda ya gayyace su. Kurciyoyi suka gane wurin, ƙadangaru suka gane, har wata bushiya takan fito daga bayan itacen girki ta sha ta koma. Da Dijatu ta rasu, abin da ya rage mai numfashi daga hannunta shi ne wata tarwada da ta saka tun tana kamar yatsa. Ta girma ta kai damtsen mutum, baƙa wuluk, da gashin baki kamar na tsohon soja. Malam yana ce mata Ta-Dija. In ya buga bakin kwamin da cokali, ita ce take fara ɗagowa.

Ƙasimu walda yake yi, shagonsa yana bakin titi. Mutum ne mai son abu ya tsaya daidai. In ya ga ƙarfe ya yi tsatsa sai ya kankare, in ya ga ƙofa ta karkace sai ya gyara ko ba a sa shi ba. Kwamin nan bai taɓa burge shi ba. A wurinsa kifi abin miya ne. Amma yana son ubansa, son da ba ya iya faɗa da baki sai da aiki.

Da sanyin bara ciwo ya kayar da Malam a ƙofar masallaci. Aka dawo da shi daga asibiti ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Kalmomi biyu suka rage masa waɗanda yake faɗa ba tare da wahala ba: “Allah” da “Ƙasimu”. Sauran sai ya yi ta kokawa da harshe, wani lokaci ta fito guntu, wani lokaci ya haƙura ya rufe ido. Mutumin da yake cika rumfa da murya, yanzu in yana son ruwa sai ya ce Ƙasimu, in yana son juyi Ƙasimu, in ma babu abin da yake so sai dai ya ji akwai mutum kusa, Ƙasimu.

Shi kuma Ƙasimu ya haɗa masa kujera mai taya da hannunsa, ya sa mata katifa da wurin ɗora ƙafa. Kullum da hantsi kafin ya fita shago yakan turo shi bakin kwami, ya ɗora masa kwanon dusa a cinya. Malam ya buga cokali da hannun hagu, Ta-Dija ta ɗago, ya watsa mata. Nan kaɗai ake ganin wani abu mai kama da dariya a ɓarin fuskar da ya rage.

Sai bazara ta shigo. Zafin Sakkwato ba sai an ba kowa labari ba. Famfon unguwa ya daɗe bai ɗiga ba, ruwan kwami ya ja baya, ya yi kore shar. Jummai matar Ƙasimu takan ɗebi bokiti ɗaya daga tsofaffin durukan da ke bayan madafa ta ƙara masa, shi ke nan.

Wata ranar Juma'a wata tsohuwa daga dangin nesa ta zo dubiya. Ta gaida Malam, ta yi masa addu'a, sannan ta leƙa kwamin ta toshe hanci da bakin mayafi.

“Assha,” ta ce. “Gaban ruwan ga kuka aje bawan Allah? Ku diba koren da yay yi. Mutum da ɗa namiji cikin gida!”

Jummai ta ce, “Gwaggo, hakanan yaka son shi.”

“Shi yac ce maki? Da wane baki?”

Ƙasimu yana tsaye a gefe. Maganar ta shige shi kamar tartsatsin walda a ido. Mutum da ɗa namiji cikin gida. Ya tafi da ita shago, ya dawo da ita.

Bayan 'yan kwanaki, da sassafe, famfo ya fara tari. Jummai ta ɗaga murya ta kira mijinta, “Baban Sumayya, an kawo ruwa!” Unguwa ta ruɗe da ƙarar bokitai. Ruwan ya zo da ƙarfi, fari tas, yana wani ƙauri mai yaji irin na asibiti. Ƙasimu ya shaƙa ya ji daɗi. A hancinsa wannan shi ne ƙamshin tsabta.

“Yau ban zuwa shago,” ya ce. “Yau Baba za shi ga kwaminai sabo.”

Ya naɗe wando ya shiga. Ya kwashe kifin ɗaya bayan ɗaya ya zuba cikin manyan robobin wanki da ruwansu na da. Ta-Dija ta ba shi wahala, ta make shi da wutsiya a fuska, ya yi dariya ya ce, “Ke tsohuwa, wanka za a yi maki.” Ya buɗe magudana koren ruwan ya bi lambatu ya fita waje, tare da 'ya'yan kwaɗi da ba su san hawa ba. Ya ɗauko burushin ƙarfe na shago da garin sabulu, ya goge gansakukar da ta yi shekaru tana manne da bango, har siminti ya fito fari. Ya ɗauraye. Ya jona tiyo a famfo ya jefa bakinsa ciki.

Lokacin ne ya je ya turo Malam, don ya gani da idonsa.

Malam ya dubi kwamin. Ya dubi tiyo. Ya dubi robobin da kifinsa ke ciki. Ya buga hannun hagu a kan kujera.

“Ƙasimu.”

“Na'am, Baba. Ka gani? Awa sabo.”

“Ƙasimu!” Bakin ya yi ta motsi, jijiyar wuya ta tashi. “Kwa... kwa...”

Ƙasimu ya durƙusa ya kai kunne.

“Kwana,” in ji Malam. Ta fito cikakkiya, zufa na tsatstsafo masa a goshi. “Kwana. Kwana!”

To, a Sakkwato in mutum ya ce kwana, barci yake nufi. Yaro in ya yi rigima a ce kwana yake ji. Mutum in yana ɗaki a ce shina kwana. Ƙasimu a nan aka haife shi, a nan ya yi gemu, bai taɓa jin kalmar daga bakin majinyaci ya kawo wani abu daban ba. Har ma daɗi ya ji, don ga kalma ta uku ta dawo.

“Jummai! Kin ji? Baba yac ce kwana!” Ya juya kujerar. “Kwana kaka ji, Baba? To mu tafi ɗaki. In ka tashi ka iske aiki ya ƙare.”

Jummai ta fito da ludayi a hannu. “Anya kwana yaka nufi? Yanzu fa yat tashi.”

“Majinyaci shina da lokacin kwana? Kauce.”

Malam ya riƙe ƙarfen bakin ƙofa da hannun hagu. Ƙasimu ya ɓamɓare yatsun a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yana lallashi, “Sannu Baba, kar ka faɗi.” Ya ɗauke shi cak ya kwantar, ya gyara masa matashi, ya saki labule don haske. Malam yana ta cewa kwana, kwana, hawaye na gangarowa ta ido ɗaya. Ƙasimu ya share masa da bakin riga, ya ce a ransa gajiya ce. Ya jawo ƙofa.

Da kwami ya cika, ya juye kifin ciki. Tsohon ruwan da ke robobi ya watsa wa gwaiba. Ya tsaya ya riƙe ƙugu. Kana ganin ƙasan kwamin tar, kana ganin kowane kifi. Bai taɓa yin aikin da ya gamsar da shi haka ba.

Kafin azahar karfasa suka fara hawowa sama suna buɗe baki. Ya zaci murna ce. Sai ɗaya ya kife ya nuna farin ciki. Sai wani. Tarwadar suka dinga zabura suna gogar bango kamar an zuba masu wuta. Jummai ta ɗora hannu a ka.

Ƙasimu ya ɗauko waya ya kira Siddiƙu, taubashinsa, ɗan ƙanen Dijatu, wanda yake kiwon kifi can wajen gulbi. Ba a jima ba ya iso kan mashin, ya shigo yana sallama da tsokana kamar yadda ya saba.

“Ina bawana mai ƙarfe? Mi kaɓ ɓata kuma?”

Da ya kai bakin kwami sai dariyar ta ɗauke. Ya tsoma hannu ya kai hanci.

“Mi kay yi ma ruwan ga?”

“Wanke shi niy yi. Na zuba sabo.”

“Daga famfo?”

“Daga ina za ni zubo? Daga Zamzam?”

“Inna lillahi. Jummai, ruwan randarki na yaushe na?”

“Na mai kurar ruwa na, tun shekaranjiya.”

“Juye shi cikin roba. Duka. Maza!”

Siddiƙu ya faɗa kwamin da rigarsa, ya dinga cafko masu sauran motsi yana miƙa wa Ƙasimu. Jummai ta juye randunan shan gidan kaf, ba ta bar ko na kofi ba. Ta-Dija ce ta ƙarshe. Ba ta yi kokawa ba wannan karon. Jikinta ya yi wani fari-fari, santsin ya tafi.

Ƙasimu ya tsaya ruwa na ɗiga daga hannunsa. Taurin kan bai sake shi ba tukuna.

“Ni ban gane ba. Ruwan da muka sha, muka alwala da shi, shi za shi kashe kifi? Wancan mai wari bai kashe su ba sai mai tsabta?”

“Kai da huhu kaka shan ruwa?” in ji Siddiƙu. “Masu ruwa suna zuba mai magani, kulorin, don shi kashe ƙwayar cuta. Don ni da kai anka zuba, kuma daidai na. Kai ka kurɓa ka aje kofi. Shi kifi cikinai yaka numfashi. Ka tuna ranad da hayaƙin walda yash shige maka ƙirji kana ta tari awa akuya? To ka ce an rufe ka ɗaki da shi. Ga sabulu ka ƙara masu, don kar su tsira. Ga koren da kak kankare, shi ka gyara masu ruwa. Kai komi kag gani sai ka goge. Da kan tsoho na da tsatsa da ka sa mai burushi.”

“Siddiƙu, ba lokacin wasa ba na.”

“Ba wasa nika yi ba. Durukan ga biyu na bayan madafa, da kaka faɗan an bar su baki buɗe, kana zaton mantuwa ta? Nan Baba ka tara ruwan famfo. Shi bar shi cikin rana, shi motsa shi da sanda, har warin shi fita. Sannan shi ƙara kaɗan-kaɗan, ba shi taɓa juye kwami duka. Gwaggo Dija tak koya mai. Tun da anka gina wurin ga, Baba bai taɓa zuba ruwan da bai kwana ba.”

Jummai ta saki murfin randa ya faɗi ƙasa.

Ƙasimu ya ce, “Bai mi ba?”

“Bai kwana ba. Sai ya kwana, in da hali shi ƙara kwana.” Siddiƙu ya dube su. “Lafiya? Mi nic ce?”

Ƙasimu ya juya ya dubi ƙofar ɗakin da ya jawo da hannunsa.

Ya shiga. Malam ba barci yake ba. Idonsa biyu, yana kallon rufi. Ya ji komai, don tagar ɗakin tsakar gida take kallo. Ƙasimu ya durƙusa a bakin gado.

“Baba, ruwa kaka nufi. A bar shi shi kwana. Ban gane ba, Baba. Wallahi ban gane ba.”

Malam bai juyo ba. Ya ce, “Allah.”

Karfasa duka suka tafi. Cikin tarwada 'yan ƙanana suka farfaɗo a ruwan randa. Ta-Dija ta kai washegari tana numfashi sama-sama, da hantsi ta daina. Daidai lokacin da ake buga mata cokali. Siddiƙu ya ce a ba shi matattun ya tafi da su, Ƙasimu ya ce a'a. Ya haƙa rami a gindin gwaiba ya binne. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce wannan ai asarar miya ce, Jummai ta rufe mata ƙofa.

Daga ranar Malam ya ƙi fita. In Ƙasimu ya kawo kujera sai ya juya fuska bango. Ya rage cin abinci. In yana son wani abu sai ya buga cokali a ƙarfen gado, kowa ya ji ya zo. Ƙasimu yakan tsaya bakin ƙofa da safe, ya yi gyaran murya, ya jira. Shiru.

Bai iya ba da haƙuri da baki sau biyu ba, ba haka aka yi shi ba. Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya zubar da ruwan kwamin, ya ɗauraye shi har sabulu ya fita sarai. Ya wanke durukan nan, ya ƙaro wasu daga shago ya yanke masu baki, ya jera su inda rana ke bugawa. In an kawo ruwa ya cika su, ya bar su a buɗe, safe da yamma ya motsa da sanda, ya sunkuya ya shaƙa. Siddiƙu ya ce masu sayar da abincin kifi suna da wani magani da ake ɗigawa ya kashe kulorin nan take. Ƙasimu ya ce a bar shi, shi yadda tsoho ke yi zai yi.

Siddiƙu ya kawo masa jarka cike da koren ruwa daga nasa kwamin, da duwatsu masu gansakuka.

“Ga dattin da kaz zubar, na kawo maka wani. Ka sa mai burushi in gani.”

“In ka ƙara magana sai in yi maka walda a baki.”

“Ka fara yi ma kunnenka, ko shi buɗe.”

Ƙasimu ya sunkuyar da kai ya juye jarkar cikin kwami.

Ruwa ya zauna, ya fara kore. Aka mayar da 'yan tarwadar da suka tsira, Siddiƙu ya ƙaro karfasa. Ƙasimu ya jingina wani katako daga cikin ruwa zuwa baki, don ya taɓa tsintar ƙadangare ya faɗa ya kasa fita. Kurciyoyi suka dawo. Bushiya ba a ƙara ganinta ba. Da ruwan sama na farko ya sauka, kwaɗi suka buɗe baki a tsakar gida kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

Washegari da hantsi cokali ya yi ƙara a ɗakin Malam. Jummai ta shiga ta fito da sauri.

“Baban Sumayya, kujera yaka nunawa.”

Ƙasimu ya ɗauke shi, ya ji ya yi sauƙi kamar yaro. Ya turo shi gindin gwaiba. Malam ya daɗe yana kallon ruwan. Ƙasimu ya je ya ɗebo bokiti daga duro, ya ɗaga shi har saitin fuskar tsohon.

“Shaƙa ka ji, Baba. Ya kwana. Ya ƙara kwana.”

Malam ya sunkuyo ya shaƙa. Ya ƙara shaƙa. Sannan ya gyaɗa kai. Ƙasimu ya zuba a hankali ta gefen bango. Ya ɗora masa kwanon dusa a cinya. Malam ya buga cokali a bakin kwami, ya tsaya, kamar yana jiran wata ta ɗago. Ƙananan suka taso suna wawaso. Ya watsa masu. Da ya gama ya miƙa hannun hagu ya dafa kan Ƙasimu, wanda ke durƙushe a gefensa, ya bar hannun a nan.

Haka suka ci gaba har damina ta yi nisa. Malam ya koma cin abinci. Wasu kalmomi ma suka dawo. Ya iya cewa “ruwa”. Ya iya cewa “Jummai”. Ran da Siddiƙu ya zo, Malam ya dube shi ya ce “Diƙu”, Siddiƙu ya yi ta tsalle a tsakar gida kamar an ba shi sarauta.

Ƙasimu yana jira. Yakan durƙusa gabansa ya ce, “Baba, wa ka magana? Wane na gabanka?” Malam ya dube shi da ido mai taushi, baki ya motsa, ya tsaya. Sai ya dafa shi.

Likita ya ce ciwon haka yake, kalma takan zo takan tafi, ba da nufin mai ita ba. Jummai ta ce ai ka ji, ba fushi ba ne, mai fushi ba ya dafa kai. Siddiƙu ma ya ajiye tsokana ya faɗi haka. Ƙasimu bai yi musu da kowa ba. Shi dai ya san ranar da aka kira sunan na ƙarshe, ya san da wace murya aka kira shi, kuma ya san abin da ya yi da aka kira.

Malam Abdulwahabu ya rasu da kaka, bayan la'asar, kansa a kan cinyar ɗansa. Abin da ya faɗa na ƙarshe “Allah” ne, kowa ya ce ya yi kyakkyawan ƙarshe, kuma haka ne.

Kwamin yana nan, kore shar, durukan suna jere baki buɗe. Kifi sun yi yawa har Ƙasimu yana rabawa. Amma tun daga safiyar da ya ɓamɓare yatsun nan daga ƙarfen ƙofa, bai ƙara jin sunansa a bakin ubansa ba.